Batirin Baba baya daɗewa, Yaya yace ni nake riƙe canji

Ga saƙon da wata 'yar uwa ta turo:

"Assalamu alaikum Malam. Dan Allah shawara nake nema akan abunda wasu zasu ga kamar ƙarami ne amma ni ya hanani sukuni. Ni nake kula da Babanmu tunda jikinsa yayi rauni, Yayanmu baya gari, shi yake turo kuɗin hidima. Baba baya rabuwa da rediyo, da dare ga tocila, ga na'urar awon hawan jini safe da yamma. Da Yaya yazo ya kawo batura masu caji da aka rubuta 2000mAh a jikinsu, sun daɗe suna aiki har biyu suka ɓace. Da naje siyo wasu sai nace bari in zaɓi mafi girman lamba, na ɗauko masu 4800mAh, na tocila kuma 9900mAh. Wallahi ko rabin na Yaya basa yi duk da ina musu caji kamar awa uku kullum. Rediyo yini ɗaya ya mutu, na'urar jini kuma ina sakawa take nuna batir yayi ƙasa. Na koma na siyo marasa caji masu rubutun Heavy Duty, suma haka. Yanzu Yaya yace tarkace nake siya ina riƙe canji, kuma a gaban Baba ya faɗa. Nayi kuka sosai. Lambar da tafi girma na zaɓa, to ina kuskurena?"

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ke kuma Allah ya saka miki da alheri akan ɗawainiyar da kike. Ki daina cewa ƙaramin abu ne, duk maganar da ta taɓa amanar mutum ba ƙarama bace, balle ace a gaban mahaifi aka faɗe ta. Toh bari in fara da amsar da kike jira: baki ci amanar kowa ba, ƙarya aka rubuta miki a jikin batir ke kuma kika yarda da rubutu, kuma duk wanda ba'a taɓa yi masa bayanin lambobin nan ba haka zaiyi.

Ita mAh ɗin nan awo ne na yawan wutar da batir zai iya riƙewa. Kamar tankin ruwa ne, lambar tana faɗin cikin tankin, amma daɗewar ruwan ya danganta da yadda aka buɗe famfo. Batir mai 2000mAh na gaskiya, idan na'ura tana jan 200mA (mA shine awon yawan wutar da na'ura ke ja) zai yi kusan awa 10, idan 50mA take ja zai yi kusan awa 40. Raba lambar batir da abunda na'ura ke ja, shikenan lissafin. A ce rediyon Baba yana jan 50mA ɗin, kinga na Yaya zasu kai shi kwana uku ko huɗu yana saurare da rana, naki kuwa da lambarsu gaskiya ce ai kusan awa 96 ya kamata suyi, amma gashi yini ɗaya suke mutuwa, ma'ana abunda ke cikinsu bazai wuce 500 zuwa 600mAh ba ko da an rubuta 4800.

Abunda nake so ki riƙe ki kuma gaya wa duk wanda zaki aika siyan batir shine kowane girman batir yana da iyakar da baya wucewa, saboda gwangwanin ƙarami ne kuma sinadarin da zai shiga ciki yana da iyaka, babu wani kamfani da yake da sirrin da zai cusa ninki biyu a wuri ɗaya. Batirin AA (girman nan irin na agogon bango) mai caji, irin wanda ake rubuta NiMH a jikinsa, na kirki yana tsakanin 1900 zuwa 2700mAh, wanda yayi ƙoƙari sosai ya ce 2800. Ƙaninsa siriri wato AAA, na rimot, yana tsakanin 600 zuwa 1100mAh. Duk AA mai cajin da kika ga ya haura 3000, ki ajiye musu kayansu, ba ƙarfi ya fi ba, mai buga takardar ne ya fi rashin tsoron Allah. Kuma abun takaicin shine wanda ya iya ƙarya a lamba baya damuwa da ingancin abunda ke ciki, shi yasa masu babbar lambar banza sukan zama sune mafi rauni a cikin duka.

Kamfanonin kirki ba da ka suke rubuta lamba ba. Akwai ƙa'idar gwaji ta duniya, a cika batirin NiMH da caji, a sauke shi a hankali cikin kamar awa 5 a ɗaki mai matsakaicin zafi wajen digiri 20, har ƙarfinsa ya sauka zuwa 1.0V (V shine volt, awon ƙarfin da batir ke tura wuta da shi), abunda ya bayar shi ake rubutawa. Shi yasa a jikin na gaske zaki ga an rubuta misali min. 1900mAh da ƙananan haruffa, wato mafi ƙarancin abunda suka ɗau alkawari kenan. Ni idan naga wannan ƙaramin rubutun hankalina yafi kwanciya akan in ga lamba ƙatuwa da jan fenti.

Na Yaya da suka daɗe, ina kyautata zaton irin waɗanda basa zubar da caji ne idan an ajiye su. Wannan nau'in ya shahara ne daga 2005 lokacin da kamfanin Sanyo na Japan ya fito da Eneloop, wanda yanzu yake hannun Panasonic. Na AA ɗinsu na yau da kullum 1900 zuwa 2000mAh ne kawai, amma kamfanin yace za'a iya yi masa caji har sau 2100. Suna da wani baƙi mai kusan 2500mAh, shi kuma sau 500 suka ce. Kin gani ko, a kamfani ɗaya ma, mai babbar lamba yafi saurin tsufa, don sai an rage wani abu a ciki kafin a samu wurin ƙara wuta. Tsohon nau'in NiMH kuwa ko ba'a taɓa shi ba yana iya zubar da wajen kashi ɗaya cikin huɗu na cajinsa a wata guda, idan da zafi ma yafi haka. Idan kina neman marasa zubar da caji ki duba kwalin, ana rubuta Ready to use ko Pre-charged. Ba lallai sai wancan sunan ba, akwai kamfanoni da dama masu yinsu, kuma ki sani sunaye masu kyau su aka fi yi wa jabu.

Yanzu na tocilan nan mai 9900mAh, shi ne yafi tayar min da hankali. Idan mai ɗan kauri ne da ya fi AA tsawo, sunansa 18650, wato faɗinsa milimita 18 tsawonsa 65, kuma litiyom ne mai 3.7V wanda idan ya cika yake kai 4.2V. Manyan masu ƙera shi irinsu Panasonic da Samsung da LG, mafi ƙarfin nasu yana tsayawa wajen 3500mAh. To waye wannan da ya ninka su kusan uku? Na gaske nauyinsa wajen giram 45 ne zuwa 48, idan kika ɗora a tafin hannu zaki ji shi cike dam, na jabu kuwa sau da yawa sakayau yake, wani ma tsohon batir ne aka ciro daga wata na'ura aka sake masa riga. Rashin daɗewa ba shine babbar matsalarsa ba, litiyom marar inganci yana iya ɗaukar zafi, ya kumbura, har ya kama da wuta a wajen caji. Tocilar kuma kusa da shimfiɗar dattijo take kwana. Dan Allah ki cire shi yau ɗin nan, kar ki sake jona shi, balle a barshi a caji a kwanta.

Sai Heavy Duty. Sunan yana ruɗar mutane sosai, mutum zai ɗauka shine gwarzon batura alhali a cikin marasa caji yana sahun ƙasa ne. Batirin zinki da kabon ne, an sa masa sunan ne tun zamanin da yafi wanda ya gabace shi, kafin batirin alkalin, wanda ake rubuta Alkaline a jikinsa, ya zo ya wuce su gaba ɗaya. Ki ɗauko ɗaya daga cikin waɗanda kika siyo ki juya shi, kusa da inda aka rubuta 1.5V zaki ga wasu 'yan haruffa. Idan R6 ko R6P kika gani, zinki ne. LR6 shine alkalin, HR6 mai caji ne NiMH, FR6 kuma litiyom marar caji. A ƙananan AAA haka abun yake sai dai lambar ta koma 03, wato R03, LR03, HR03. Harafin L ɗin nan guda ɗaya shi zaki nema, yafi duk wani hoton damisa ko walƙiya da aka zana a kwali. Ko a hannu ma zaki ji bambanci, alkalin AA wajen giram 23 ne, na zinki bai kai haka ba.

Zaki lura alkalin yawanci ba'a rubuta mAh a jikinsa kwata-kwata, kuma ba ɓoye wani abu suke ba. Shi alkalin abunda zai bayar ya dogara sosai da yadda ake jansa. A agogon bango ko rimot da suke tsotsa kaɗan kaɗan, AA ɗaya zai iya bada 2500mAh ko fiye, amma a na'ura mai ja da ƙarfi kamar tocila mai haske sosai ko abun wasan yara mai mota, ko rabin haka bazai bayar ba kafin ya durƙushe. Babu lamba ɗaya da zasu rubuta ta zama gaskiya a ko'ina. NiMH shi kuma baya damuwa sosai da jan ƙarfi, shi yasa a irin waɗannan na'urori mai caji 2000mAh yake doke alkalin duk da a takarda alkalin ne ya fi.

Maganar na'urar awon jini daban ce, kuma a nan ko baturan Yaya kika saka zata iya yi miki haka. Batir marar caji 1.5V ne, NiMH kuma 1.2V. Idan na'urar tana cin guda huɗu, an ƙera ta da tsammanin 6V, ke kuma kin bata 4.8V. Da aka cire shi daga caji yana ɗan haurawa wajen 1.4V, bada jimawa ba ya sauko 1.2V ya zauna a nan har ya kusa ƙarewa, to wasu na'urorin da sun ga 1.2V sai su ɗauka alkalin ne da ya kusa mutuwa su kunna alamar batir, alhali da sauran wuta a ciki. Ga kuma famfon da ke hura abun ɗaure hannu, yana jan wuta da ƙarfi na ɗan lokaci, batir mai rauni nan take yake nuna halinsa. Ki buɗe 'yar takardar da tazo da na'urar, da yawansu alkalin suka ce a saka. Ni shawarata akan wannan ɗaya kam kar kiyi tsimi, ki sa mata alkalin LR6 guda huɗu sababbi 'yan kwali ɗaya, ki barsu a ciki kar a riƙa ciro su ana aron su wa rediyo. Lafiyar Baba ake aunawa da ita, ba wurin gwaji bane. Wasu kuma suna da ramin adafta a gefe, idan taku tana da shi a nemi irin wadda takardar ta ambata.

Tunda na ambaci guda huɗu, akwai abunda ke rikita mutane: idan aka jera batura huɗu masu 2000mAh kai da gindi kamar yadda ake yi a rediyo, ba 8000mAh suka zama ba. V ɗin ne yake taruwa, mAh yana nan a 2000. Kuma a irin wannan jerin mafi rauni shi ke yanke hukunci, da ya ƙare duka sun tsaya. Kin ce biyu daga na Yaya sun ɓace, idan kina haɗa ragowar biyun da sababbin nan kinga na banzan suna jan na kirkin ƙasa. Kar a haɗa tsoho da sabo, kar a haɗa mai caji da marar caji. Idan ɗaya ya ƙare sauran suna ci gaba da tura wuta ta cikinsa, daga nan ne alkalin yake fara yoyo, ki buɗe murfi ki tarar da wani farin gari ya daskare akan ƙarfen ya cinye shi. Wannan garin yana ƙona fata da ido, kar ki taɓa da hannu tsirara.

Toh ga wani wurin da nake zargi sosai, cajar. Kin ce awa uku kike yi musu. Ki juya cajar ki duba bayanta inda aka rubuta Output, zaki ga wata lamba da mA. Ƙananan caja da yawa 150 ko 200mA suke bayarwa. Batir mai 2000mAh a cajar 200mA yana buƙatar awa 10 a lissafi, idan aka haɗa da abunda ke tafiya a zafi ya zama awa 12 zuwa 14. Awa uku a irin wannan cajar 600mAh kawai ta zuba, ko kashi ɗaya cikin uku bai cika ba. Kinga ko batirin kirki ne zai ji kunya. Kuma irin cajar nan bata san batir ya cika ba, fitilarta ja take tun daga farko har ƙarshe, idan an manta shi kwana biyu tana ta dafa shi. Idan da hali a samu caja mai kula da kowane batir shi kaɗai, kowane rami da fitilarsa, tana tsayawa da kanta idan ya cika. Wasunsu ma suna da ɗan allo da ke nuna ainihin mAh ɗin da batir ya ɗauka ko ya bayar. Alkalin da Heavy Duty kuwa ba'a sa su a caja sam, fashewa suke ko suyi yoyo.

Abu biyu da zaki iya cin karo dasu idan kin koma siyayya, gara ki sansu tun yanzu. Akwai sababbin AA na litiyom masu ramin caji a jikinsu irin na waya, suna bada 1.5V, su kuma mWh suke rubutawa ba mAh ba, harafi ɗaya ne ya bambanta amma awon daban ne. Ki raba da 1.5, mai 3000mWh daidai yake da 2000mAh. Ba ƙarya sukayi ba, asali ma mWh ɗin shine awon da yafi adalci idan V ya bambanta, domin mAh ne aka ninka da V. Shi yasa 18650 mai 3000mAh yake riƙe da wajen 11Wh (wato 11000mWh), AA mai caji 2000mAh kuma 2.4Wh, ya ninka shi fiye da sau huɗu duk da lambobin sun yi kusa. Haka ma pawa bank, 10000mAh ɗin da ke jiki a 3.7V aka auna, idan ya juya wutar zuwa 5V don waya ga asarar hanya, abunda ke fita wajen 6000 ne da ɗoriya. Na biyun kuma haɗari ne: akwai batir mai suna 14500, girmansa sak AA amma 3.7V ne. Zai shiga rediyon Baba daram kuma zai iya ƙona shi. Kullum ki duba V kafin mAh.

Don haka rediyo a samar masa NiMH na gaske mai 1900 zuwa 2500mAh, saiti biyu, ɗaya na aiki ɗaya na caji, ki ɗan sa musu alama da biro ko ɗan salatif don kar saitin su cakuɗe. Rimot da agogo alkalin ya ishe su. Tocila a nemo 18650 mai lamba tsakanin 2500 zuwa 3500mAh daga inda aka yarda da su, mai kariya a ciki (wato abunda ke yanke wuta kafin caji ya wuce kima) idan tocilar tana ɗaukarsa don ya ɗan fi tsawo, kuma kar a jefa shi tsirara cikin jaka tare da makulli ko tsabar ƙarfe. Duka a ajiye su inda rana bata dukansu.

Sai Yaya. Abunda ya faɗa bai dace ba, kuma inda ya faɗa ɗin yafi maganar ciwo. Amma ki duba daga inda yake tsaye, yana nesa, yana turo kuɗi, abunda yake ji kawai shine rediyon Baba ya mutu kuma, shi kuma ya san nasa sun yi aiki. Mai nesa da gida zuciyarsa cike take da zullumi, wani lokacin zullumin ke fitowa a matsayin faɗa. Ban ce ki haɗiye ba. Kar dai ki tayar da maganar a gaban Baba, dattijo marar lafiya mai hawan jini baya buƙatar jin 'ya'yansa suna sa-in-sa a kansa. Ki bari ranki ya huce, ki ɗauki hoton baturan yadda lambar zata fito sosai ki tura masa, kice Yaya ga abunda na siya, na zaɓi mafi girman lamba ne don ina so Baba ya huta da canjin batir, ashe lambar ƙarya ce, na tambaya an min bayani AA baya wuce 2800. Idan yana son gani da ido, ki cika ragowar nasa biyun da biyu daga naki caji daidai, in rediyon mai cin biyu ne, ki saka su bi da bi a murya ɗaya ki rubuta awannin da kowanne yayi. Sannan ki gaya masa kai tsaye cikin ladabi cewa maganar canji ta yi miki zafi, kuma kina roƙon in yana da shakka akan wani kashe kuɗi ya kira ki ku biyu ya tambaya. Daga yanzu ki samu ɗan littafi kina rubuta abunda ya shigo da abunda ya fita, ba don kin yi laifi ba, don duk mai riƙe kuɗin jinya yana buƙatar abunda zai kare shi ranar da aka tambaya. Kuma tunda ya san inda ya samo na farkon, babu laifi kice ya turo irinsu tare da caja mai kyau.

Waɗancan na jabun kar ki jefa su a wuta ko inda ake ƙona shara, musamman na tocilan, ki manna salatif a kansa da gindinsa ki ajiye inda yara basa kaiwa har ki samu inda ake karɓar tsofaffin batura. Ki turo min abunda aka rubuta a bayan cajar taku da adadin baturan da rediyon ke ci, in lissafa miki awa nawa ya kamata ki riƙa barinsu a caji.